Masu Raba Faɗa a Cikin Ruwa

A ce mutum ya sayo 'ya'yan tarwada 1,000, ya ƙirga su da hannunsa, ya zuba a kwamin siminti a bayan ɗakinsa. Gida da katanga, ƙofa da kwaɗo, saman kwamin kuma an rufe da raga don kada tsuntsu ya sauka. Safe da yamma yana watsa abinci, kuma a duk watannin da ya yi yana wannan ɗawainiya bai tsamo gawar kifi ta kai 30 ba. Ranar kwashewa aka zubar da ruwa aka ƙirga, sai ga 600 da 'yan kai. Nan zargi ke tashi. A tuhumi yaron gida, a harari maƙwabci, wani ma ya ce baki ne ya kama kiwon. Alhali ɓarayin suna kwance a ƙasan kwamin, su goma sha wani abu, kowannensu ya ninka 'yan'uwansa sau uku ko huɗu a nauyi. Su suka haɗiye sauran, ko ƙashi ba su bari ba.

A nan ake gane gwanin kiwon tarwada. Gina kwami aikin magini ne, haƙa rijiya aikin kuɗi, abinci kuwa a buhu ake sayo shi. Abin da ba a samu a kasuwa shi ne iya zaunar da ɗaruruwan halittu masu haɗama a matsattsen wuri, wata biyar ko shida, su fito kusan yadda aka zuba su. Mai wannan fasaha ba shi da kirari, ba a yi masa kiɗa kamar Sarkin Ruwa, amma ni a ganina aikinsa ya isa a ja kujera a zauna a kalla.

Abin ya fi burge ni a ƙasar Daura, domin ba ƙasar kogi ba ce. Labarin garin ma a bakin rijiya ya ƙullu, a Kusugu, inda aka ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa kuma jigawa mai shanye ruwa. Daga Daura zuwa Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, abin da aka gada gero ne da wake da gyaɗa da kiwon dabbobi. Akwai masunta a madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke, amma ba irin gadon su na Sarkawan Yawuri ko Kabawan Argungu ba. Kiwon kifi na zamani a Najeriya ya samo tushe tun zamanin Turawa, da gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato da aka fara a 1951, daga baya cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta ɗora, har yau ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka. Abin da ya shigo da sana'ar cikin gidajen ƙasa irin Daura shi ne rijiyar burtsatse, da tankin roba, da tamfol, sai kuma sola a 'yan shekarun nan. Saboda haka mai kiwon kifi a nan ba shi da kakan da zai tambaya. Da idonsa ya koya, da kuma aljihunsa.

Tarwada halitta ce mai taurin rai. Ba ta da ɓawo, sai fata mai santsi da yauƙi, da gashin baki takwas da take laluben abinci da su ko a cikin duhu, da ƙaya biyu a gefen ƙirji. A cikin kanta akwai wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa kake ganin ta taso ta kurɓi iska ta koma, shi ya sa kuma take rayuwa a ruwan da karfasa za ta kife cikin 'yan sa'o'i. Wannan baiwa ce ta sa ake iya tara ta da yawa a ƙaramin wuri. Sai dai bakinta ya kusa faɗin kanta, kuma ba ta san ɗan'uwa ba. Duk abin da ya motsa, in dai zai wuce maƙogwaro, abinci ne.

Abin mamaki shi ne galibi mai ci da wanda ake ci uwa ɗaya uba ɗaya suke, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su. Mai ƙyanƙyasa kan yi wa macen allurar Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, bayan kamar sa'o'i 10 zuwa 12 ya tatso ƙwan, ya haɗa da ruwan namiji, wanda ba a samun sa sai an farke shi. Cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i dubun dubatar 'ya'ya sun fashe. Kwana uku suna rayuwa da ƙwaiduwar da ke manne a cikinsu, sannan su buɗe baki. Daga wannan lokaci bambanci ke farawa. Wani ya riga 'yan'uwansa lomar farko, ya ɗan fi su tsawo da abin da ido ba ya gani, gobe kuma wannan 'yar ratar ta ba shi loma biyu. Wasu masana biyu, Thomas Hecht da Samuel Appelbaum, sun zauna sun kalli wannan al'amari a ɗakin bincike, suka wallafa abin da suka gani a 1988. Cin ɗan'uwa iri biyu suka bayyana. Tun suna ƙanana ƙwarai, mai ci kan kamo ɗan'uwansa ta wutsiya, ya haɗiye har wuya, ya yar da kan domin ya fi ƙarfin bakinsa. Da suka ƙara girma, rata ta buɗe, sai ya koma haɗiyewa ta kai, ɗungurungum. Na farkon yana barin shaida, ƙananan kawuna a ƙasan ruwa. Na biyun ba ya barin komai, kuma shi ne ke raba maigida da yaronsa.

Wanda ya ɗanɗani ɗan'uwa ya samu abincin da babu kamarsa a buhu, sai girmansa ya yi tashin gwauron zabi. Irin waɗannan su masu kiwo ke kira shuta. Da kifi ya ninka ɗan'uwansa a tsawo, ko ya doshi haka, ƙaramin ya shiga haɗari. Waɗanda ma ba a ci ba suna cikin wahala, domin tsoro ya kore su gefe, ba sa isa ga abinci, sai su tsumbure.

Maganin ba sabo ba ne ga duk uwar da ta taɓa raba tuwo a gidan yawa. Ba ta haɗa ɗan shekara goma sha biyar da ɗan shekara huɗu a kwano ɗaya, ba don babban mugu ne ba, sai don lomarsa ɗaya ta yi biyar ɗin ƙaramin. Kwanon manya daban, na tsakiya daban, na ƙanana daban. Abin da mai kiwon tarwada ke yi ke nan, wanda ake kira sotin, wato ware kifi bisa girma. Shi ya sa gwani ba ya fara kiwo da kwami ɗaya. Ko kuɗinsa kaɗan ne, zai gwammace ya yi ƙanana uku da ya yi babba ɗaya, ko ya bar wani tanki babu komai yana jiran ranar da za a raba. Ɗan koyo yana ganin tankin banza asara ne, sai ya cika shi da wasu 'ya'yan.

Ranar warewa tun jiya take farawa. Ba a ba da abinci, domin kifin da cikinsa ke cike, in aka motsa shi, sai ya amayar, ruwa ya ɓaci, shi ma ya galabaita. Da sanyin safiya ake aikin, ko da la'asar sakaliya, ba da rana tsaka ba. A rage ruwan kwamin har ya dawo ƙasa da gwiwa, a jera baho uku ko huɗu da ruwan da aka ɗebo daga kwamin, don kada sanyi ko ɗumin sabon ruwa ya buge su. Koma mai laushi ake sawa, kuma kaɗan-kaɗan ake ɗiba, domin ƙayar tarwada na sarƙewa a raga, kuma in an cika komar na sama suna danne na ƙasa. Hannu a jiƙe yake taɓa kifi. Yauƙin nan da ke jikinsa shi ne rigarsa, in busasshen hannu ko ƙasan siminti mai kaushi ya goge shi, ƙofar cuta ta buɗe.

A nan ne ake shan kallo. Akwai akwatin tankaɗe mai sanduna a jere, wanda ƙanana ke zurarewa ta tsakani manya su tsaya, kuma yana da amfani ga 'ya'yan da ba su wuce tsawon yatsa ba. Amma gwani da idonsa yake aiki, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ba tsawo yake dubawa ba, faɗin kai yake dubawa, domin kai ne ke faɗin abin da baki zai iya ɗauka. Kifi biyu na iya zuwa tsawo ɗaya, ɗaya siriri ɗaya mai faffaɗan kai, ya raba su ba tare da ya tsaya tunani ba. Yana kama babba ta bayan kai, yatsu a bayan ƙayoyin nan biyu, ya sake shi a bahonsa kafin kifin ya gama shirin fizgewa. Wanda ƙayar tarwada ta taɓa soka ya san dalilin wannan riƙo, don zafinta kan kai har hammata. Yaron da ke taya shi zai ɗago wani ya ce, "Baba, wannan fa, na manya ko na tsakiya?" Amsar da aka saba ji ita ce a sa shi cikin manya in ana shakka. Ƙaramin cikin manya da kaɗan ba ya shiga bakin kowa, amma babban cikin ƙanana gobe shi ne shuta.

In an gama, da yawa kan ɗan tsoma su a ruwan gishiri na ɗan lokaci saboda ƙujewar da suka samu, a mayar da kowane rukuni gurbinsa, a bar su su huce kafin a ba da abinci. Ana ƙirgawa, kuma mai hankali yana rubutawa, domin littafin nan shi ne kaɗai zai gaya masa ko ana cin wani a ɓoye. Suna ƙanana, duk mako biyu ake maimaita wannan aiki, wasu ma ba sa kai haka. In sun yi wata biyu ko uku, girma ya daidaita, sai a sassauta. Yawan taɓawa ma illa ne, kowace warewa tana ci wa kifi kwana ɗaya ko biyu na girma, don haka sanin ranar da za a ƙyale su yana cikin gwanintar.

Sai ciyarwa. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon, kuma tun da buhun Coppens ko Skretting ko Blue Crown ya yi tsada, kowa na neman hanyar ragewa. Amma yunwa ita ce uwar faɗa a cikin kwami. Wanda ya tsallake ciyarwa don ya yi tattali, kifinsa za su ci, sai dai junansu za su ci. Gwani yana da lokaci tsayayye, kuma ba ya zuba abinci a kusurwa ɗaya, inda ƙarfafa za su tare su hana raunana. Yana watsawa ko'ina, da yawa a tashin farko don manya su shagala, sannan ya bi gefe-gefe inda masu tsoro ke raɓewa. Ƙwayar abincin ma da girmanta, daga mai milimita 2 zuwa 3, 4, 6, har 9, kuma ba a sauyawa don manyan sun isa, sai ƙananan rukunin sun iya haɗiya. Yana tsaye har su ƙoshi. Da hargowar ruwan ta lafa, ƙwaya ta fara yawo babu mai kulawa, sai ya ɗaure bakin buhu. Wannan tsayuwa ta minti goma ko sha biyar ita ce asibitinsa. A nan yake ganin wanda fatarsa ta yi farin tabo na cizo, da wanda gashin bakinsa ya gutsure, da wanda ya rataye a tsaye a saman ruwa ba ya neman abinci.

Akwai wani abu da ke ruɗa sabon shiga. Hankali zai ba ka cewa in kifi na faɗa, a rage su a ba su fili. Ga tarwada matasa, sau da yawa akasin haka ne. Masu bincike a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun lura cewa in suka yi kaɗan a wuri mai faɗi, kowanne sai ya kama yanki ya ce nasa ne, cizo ya ƙaru. In suka yi yawa daidai gwargwado, babu wanda zai iya tsare ko'ina, sai kowa ya haƙura ya bi ayari. Haske ma yana da hannu a ciki, domin tarwada 'yar dare ce, a inuwa ko duhu-duhu ta fi natsuwa. Wannan ba izini ba ne na a cusa kifi babu lissafi. Yawan da ke kashe faɗa shi ne kuma ke ɓata ruwa, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar siririyar hanya da kowane mai kiwo ke nemo wa kansa, gwargwadon ƙarfin rijiyarsa.

Wannan rigima ba ta tarwada kaɗai ba ce, kuma ba ta masu kiwo don ciki kaɗai ba. Alhazan da suka taɓa leƙa gidan kallon kifi na Fakieh da ke bakin teku a Jidda, wanda aka buɗe a 2013, sun ga irin ƙananan kifayen Bahar Maliya masu launi kamar an rina su. A cikin irinsu akwai dangin da ake kira damsel, masu nau'i kusan 400, yawancinsu mazauna duwatsun murjani a tekuna masu ɗumi. Wani shuɗi ne shar da wutsiya rawaya, wani baƙi da ɗigo uku farare, wani mai zane fari da baƙi. Da yawansu ba su wuce tsawon yatsa ba. A Turai da Amurka da Asiya mutane na ajiye su a falo, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, don kallo kawai. Suna da araha, suna da juriya, shi ya sa su ake fara sayar wa ɗan koyo. Bayan 'yan watanni sai ya tarar ɗan kifin nan mai kyau ya mallake akwatin, ya kore kowa zuwa kusurwa, har hannun mai gidan yake cizo in ya sa don gyara.

Faɗan damsel ba na haɗiya ba ne, na gona ne da gida. Wasu nau'insa manoma ne na gaske. Kifin kan zaɓi wani fili a kan dutse, ya bar irin gansakukar da yake ci ta tsiro, ya cire wadda ba ya so da bakinsa ya kai ta waje ya zubar, kuma duk wanda ya doso, ko kifin da ya ninka shi sau goma ne, ko mutum mai ninƙaya, sai ya far masa. Masana biyu 'yan Japan, Hiroki Hata da Makoto Kato, sun nuna a 2006 cewa akwai gansakukar da ba ta samun wurin zama sosai sai a gonar wannan kifi. Ga kuma ƙwai, wanda macen ke mannawa a dutse, namijin ya tsare yana yi masa fifita har ya fashe. Wanda ke da gona da 'ya'ya a fili ɗaya, ba a yi masa maganar haƙuri.

Masu iya zaunar da su tare sun gano dabaru da mai kiwon tarwada zai ji kamar a bakinsa aka ɗauko. Suna zuba su rana ɗaya, girma ɗaya, don kada wani ya riga zama ɗan gari ya ɗauki na baya baƙo. In dole a ƙara sabo, sai a rushe tsarin duwatsun a sake jerawa, kowa ya wayi gari bai san iyakarsa ba, ko a sa baƙon cikin ƙaramin akwati mai huji a cikin babban, su ga juna kwanaki ba tare da baki ya kai ba. Ana jera duwatsu yadda za su tare gani, domin damsel wanda yake gani yake kora. Mafi faɗa shi ake sawa a ƙarshe. Ba a haɗa biyu masu launi da siffa ɗaya a ƙaramin akwati, kuma biyu ko uku sun fi haɗari a kan garke, don a garke duka yana rarrabuwa, a uku kuwa kan kifi ɗaya yake ƙarewa. Ko wani nau'i kore mai sheƙi da ake yaba wa da sanyin hali, sau da yawa in an zuba bakwai sai su riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa ne kullum ke tafiya. Kuma in damsel ya gagara, fitar da shi sai an kwashe duwatsun akwatin kaf.

A cikin wannan dangi akwai wanda ya warware matsalar da kansa, kifin nan ruwan lemo mai farin ɗamara da yara suka sani a fim ɗin Nemo na 2003. A shekarar ce wani masani, Peter Buston, ya wallafa abin da ya gani a tekun Papua New Guinea. Suna zama rukuni-rukuni, babbar cikinsu mace, mai bi mata mijinta, sauran kuma a jere, kowanne yana tsayar da girmansa a wajen kashi 80 cikin ɗari na wanda ke gabansa, don kada a ga ya zama barazana a kore shi. In macen ta mutu, mijin ya rikiɗe ya zama mace, kowa ya matsa gaba ya ƙara girma. Ikon Allah. Tarwada ba a ba ta wannan ladabi ba, sai aka bar wa mai kiwo ya yi mata da baho da koma.

Ajiye irin wannan akwati a Daura ba ƙaramin aiki ba ne. Teku na nesa da ɗaruruwan kilomita. Ruwan sai an haɗa shi da gishiri na musamman, wajen giram 35 a kowace lita, ba gishirin miya ba. Ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, a garin da bazara ke haura 40. Famfon da ke juya ruwan kuma ba ya son a ɗauke wuta ko na rabin yini. Wanda ke da sola da na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin da ba ya jin zafinsu zai iya. Amma in ana maganar ido, wato gane wanda ake zalunta tun kafin ya mutu, mai tamfol a bayan gida ba shi da abin koyo a wurin mai gilashi.

Dangin damsel na nesa ma, wato karfasa, suna nan kusa, a cikin komar masuntan Daberam da Sabke. Namijin karfasa kan haƙa ɗan gurbi a ƙasan ruwa ya tsare shi, macen kuma ta ɗauki ƙwai a bakinta har su fashe. Matsalarta a kiwo kishiyar ta tarwada ce, haihuwa take yi babu ƙaƙƙautawa har tafki ya cika da 'yan ƙanana da ba sa girma. Dabarar da aka daɗe da sani ita ce a jefa 'yan tarwada kaɗan a ciki su riƙa rage 'ya'yan. Halin da ake yaƙa a wancan kwami, a nan shi ake ɗauka aiki.

Duk wannan a kan ruwa yake tsaye, kuma a ƙasar Daura ruwa da lokacinsa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba a cikin kwami, kuma kifin da ruwa ya dama ya fi saurin cizo. Gwani da hanci yake fara ganewa, kafin ya ga kumfa ta taru. Ruwan famfo mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta sai ya kwana a buɗe. Na burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, shi ya sa ake barin sa ya zubo daga sama yana fantsama. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ruwan kwami kan yi sanyin da tarwada ke daina ci, ita da ta fi son digiri 26 zuwa 30. Lokacin ake rufe tanki da leda da dare, a jinkirta abincin safe sai rana ta ɗaga, a rage yawansa, a kuma ci moriyar ɗumin da ruwan burtsatse ke fitowa da shi. A Afrilu da Mayu kuwa baƙin tankin roba da aka bari a rana zai iya dafa kifi, sai rumfa da ƙarin sauyin ruwa. Abin da ba na yabawa shi ne saurin zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na kaji ko na mutane duk lokacin da kifi ya yi sanyi. Yawancin abin da ake kira cuta a kwami ruwa ne ya lalace ko cizo ne ya yi rauni, kuma maganin da aka zuba babu ƙa'ida a cikin mai ci yake ƙarewa. Ruwan da aka zubar kuwa ba a asarar sa a ƙasa mai ƙishi irin wannan, masu dabara suna jan sa zuwa zogale da ayaba da 'yan kwamin salak, taki ne da kansa.

Shutan da aka ware ba a yar da su. Gurbinsu daban, kuma su ke fara isa kasuwa, kuɗinsu ya sayi abincin sauran. Ragowar, in abinci da ruwa sun yi kyau, a wata biyar zuwa shida ake sa ran su doshi kilo ɗaya. Masu banda sun fi son ƙanana da matsakaita, masu gashi da farfesu suna neman manya, kuma kowannensu yana son baho mai kai ɗaya, don ya san yadda zai yanka farashi. Ana hana abinci kwana ɗaya kafin a kwashe, a ɗora a sikeli, a zuba a manyan bahuna ko jarkokin da aka yanke wa baki, da ɗan ruwa kaɗan, a rufe da buhu. Dillalin da ya san aiki, kafin ya yi tayi, sai ya sa hannu ya juya biyu ko uku ya dubi bayansu da gefen wutsiya. Kifin da ya sha cizo ba ya daɗewa a bahon mai talla, kwana ɗaya ko biyu ya kife, kuma matacciyar tarwada rabin kuɗi ce. In ya ga tabo sai ya rage tayi, in ya ga fata sumul da gashin baki takwas cif, ya karɓi lambar waya ya tambayi watan da na gaba za su isa.